Rasuwar Sabulu, Faifan da Ya Riƙe Mana Muryar Milud

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake tun ranar da abin ya faru ban ji ta motsa ba, ni Jilali ɗan marigayi Bin Awda, mai saka kiɗa a gidan rawar Si Buziyan da ke bakin teku a hanyar Ain Turk, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da mutanen unguwarmu a Wahran rasuwar faifan ajiyar kiɗana, wanda aka fi sani da Sabulu. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da la'asar a kan teburin aikina, bayan gajeriyar jinya. Babu kowa a kansa sai ni da Lahdar mai raba abin sha, wanda yake goge kofuna a lokacin.

Marigayin ɗan kasuwar Madina Jadida ne. Na karɓo shi daga hannun wani mai tebur da ke sayar da caja da batir da gilashin waya, wanda ya dafa ƙirji ya rantse mini cewa sabo ne fil. Da na kai shi gida na tarar da hotunan bikin wasu mutane a cikinsa, amarya da ango da wata tsohuwa da ta fito a kowane hoto tana cin kaza. Ban riƙe shi da wannan ba, kowa da tarihinsa. Baƙi ne, gajere, girmansa bai wuce na sabulun wanki ba, da 'yar fitila shuɗiya a goshi. Kaddur, sanƙiran gidanmu, mai riƙe makirfo yana shelar sunan wanda ya sayi waƙa da wadda ya saya wa, shi ya raɗa masa suna a ranar farko, sunan kuma ya bi shi.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da abu ɗaya: bai taɓa rage wa waƙa komai ba. Yadda aka ba shi, haka yake mayarwa, da numfashin mai sarewa da karcewar yatsa a kan fatar ganga. Wannan ba ƙaramin hali ba ne a zamanin nan. Waƙar da ke cikin wayoyinku ba cikakkiya ba ce, an matse ta ne don ta shiga. Na'urar da ke matsewar kuwa ƙa'idarta ɗaya: duk ƙaramin sautin da ya ɓuya a ƙarƙashin babba, sai ta ce kunne ba zai yi kewarsa ba, ta zubar da shi. A waya ba a ganewa, a mota ma ba a ganewa. Amma a ɗora ta a kan sifikokin Si Buziyan, waɗanda kowace ta fi firji tsawo, nan take asirinta yake tonuwa. Ganga ta koma kamar ana dukan kwali, muryar zabiya ta yi kaushi a sama, wanda ya san sauti kuma kansa ya fara ciwo kafin waƙar ta kai rabi.

Na sha yin faɗa a kan wannan, kuma ban tuba ba. Mutum zai zo mini da waya a hannu, yana ƙamshin turare da sigari, ya ce:

“Jilali, ɗan'uwa, saka mini wannan, ta yarinyar can ce mai jar riga.”

“Daga ina ka samo ta?”

“Ɗan ƙanwar babata ya turo mini.”

“Shi kuma fa?”

“To shi ma an turo masa mana. Meye a ciki?”

“Kowane turi sai an ƙara matse ta. Wannan ba waƙa ba ce, jikar jikar waƙa ce. In na saka ta yarinyar za ta ce ba ka sonta.”

Sai in duba cikin Sabulu in fito masa da uwar waƙar, cikakkiya, in saka. Ba ya gane bambancin, ba ya kuma godiya. Kaddur yana kirana limamin sauti saboda wannan, wai ni kaɗai nake wa'azi, ni kaɗai nake cewa amin.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. In na sa masa igiya da yamma, sai ya yi zuuu a hankali, sannan ƙir-ƙir, fitilar goshinsa ta kama. Daga nan ba za ka sake jin bakinsa ba har a tashi. Ya sha hayaƙi, ya sha zafin bazara, an taɓa zuba masa lemo, an taɓa ɗora masa farantin gasasshen kifi ana zaton abin ɗora kwano ne. Bai taɓa kai ƙara ba.

Amma ba don waƙoƙi nake rubuta wannan sanarwa ba. Waƙa ana sake samu. Sabulu ya rasu ne da amanar da ba ta da na biyu, mutanen unguwarmu kuma sun san ƙanena Milud.

A wata bazara a shekarun baya, wata zabiya daga Galizan ta zo ta yi mana wasa, ta roƙe ni in ɗauko mata sautin. Na ɗauka daga teburina, na kuma rataya makirfo guda a rufin ɗaki don ya kamo tafi. Inda na rataye shi ya faɗo daidai kan teburin baya, kusa da ƙofar kicin, inda Milud yake zama saboda nan ne ba a tambayar mutum abin da zai sha. Washegari mahaifiyarmu Yamina ta buɗe ƙofa ta tarar da ledar burodi rataye a mariƙi. Milud ya shiga kwale-kwale mai inji tare da wasu samari, sun nufi Sifen. Ba a sami waya daga can ba, teku kuma ba ta dawo da komai nan ba.

Umma ta ƙi a yi zaman makoki. Maƙwabta sun zo da sukari da gahawa kamar yadda ake yi, ta tsaya a bakin ƙofa ta mayar da su da kayansu. Wanda duk ya kuskura ya ce Allah ya jiƙan Milud, gaisuwa ta yanke tsakaninsu. A unguwarmu har yaran da ke buga ƙwallo sun san abin da ake faɗa in an gamu da ita: Allah ya dawo da shi. Ni ma haka nake faɗa, ko da yake na san tekun nan tun ina tsirara.

Bayan wasu watanni na zauna gyaran sautin zabiyar da rana, gidan babu kowa, kujeru kife a kan tebura. Na saka shi a manyan sifikoki. A tsakiyar waƙar akwai wurin da mai ganga yake haukacewa. A ƙarƙashin gangar, can ƙasa, sai na ji dariyar Milud, na kuma ji ya ce: “Lahdar, ka tuna mini da burodin Umma, kada ta cinye ni ɗanye.” Iyakar abin ke nan. Na maimaita har Lahdar ya fito daga kicin da wuƙa a hannu yana waige-waige, don ya ji an kira sunansa.

Na kai wa Umma a waya, ba ta ji komai ba. Na jona a rediyon gida, nan ma sai ganga. Muryar ba ta fitowa sai daga cikakken sautin da ke cikin Sabulu, shi ma sai a sifikokin Si Buziyan. To ita Umma mace ce da take tsallake titi in ta hango gidan rawa, kuma shekara da shekaru tana gaya wa ƙawayenta cewa Jilali aikin lantarki yake yi a otal. Amma ranar Alhamis ɗin farko ta lulluɓe da farin mayafinta, ta shiga motar haya, ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

Tun daga nan kowace Alhamis bayan azahar haka ake yi. Lahdar ya lulluɓe kwalabe da zanen tebur. Si Buziyan ya fita waje shan sigari, don ya ce ba zai iya haɗa ido da ita a cikin gidansa ba. Ta zauna a teburin baya, hannuwanta a kan cinya, in saka mata waƙar daga farko, don ba ta yarda a tsallake. In an zo wurin, sai ta ɗan karkata kai. Ba ta kuka. Ta ji sau ɗaya, ta ce, “To, na ji shi. Kashe.” Ta miƙe ta tafi ta kama motarta. Da wannan take kai mako, kuma muddin tana jin sa, a wurinta Milud yana wani gari ne inda waya take da wuya.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar Asabar, bayan an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi. Da na sa masa igiya sai ya yi zuuu kamar kullum, amma maimakon ƙir-ƙir sai na ji tak, ya yi shiru, ya sake tak. Na canza igiya. Na canza kwamfuta. Na kwantar da shi a gefensa, na tayar da shi tsaye, na ɗora shi a kan tawul. Kwamfutar ta ce ba ta san shi ba, alhali tare suka tsufa.

Ranar Lahadi Lahdar ya kawo maganin gargajiya. Ya ce wani mai saka kiɗa a Mustaganim ya taɓa tayar da nasa da sanyi. Muka naɗe Sabulu a leda, muka kwantar da shi a firjin ƙanƙarar kicin tsakanin jatan lande da cinyoyin kaji, ya kwana a can. Ban yi imani da maganin ba, amma ban hana ba. Ranar Litinin da la'asar muka ciro shi, yana gumi, yana ƙarnin kifi. Na sa masa igiya, fitilar ta kama, kuma ga mamakina sunayen waƙoƙi suka bayyana a jere. Ban tsaya kallon komai ba, na kai hannu kan sautin zabiyar Galizan, na ce a kwafa. Layin da ke nuna kwafar ya fara tafiya kaɗan. Sai tak, tak, tak, a jere, da sauri, sannan wata doguwar ƙara siririya da ban taɓa jin ta daga bakinsa ba. Fitilar ta mutu.

Lahdar ya ajiye kofin da ke hannunsa ya ce, “Ya tafi ne?”

Na ce, “Ya tafi.”

Na ɗauke shi na kai wa Si Tayib mai gyara, wanda ya buɗe shi a gabana ya nuna mini cikinsa. An kankare fuskar faifan zagaye, baƙar ƙura ta taru a gefe. Ya shafo ta da yatsa ya ce, “Ga waƙoƙinka nan.” Na tambaye shi ko a Faransa za a iya wani abu. Ya ce a Faransa ma ƙura sunanta ƙura. Na fito, na tsaya wajen mai karantika, wainar garin wake da ake gasawa a faranti, na sayi yanka ɗaya a cikin burodi da yaji, na cinye tas a tsaye. Na yi ta jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Kuma ban firgita sosai ba, don na san akwai magaji a aljihun tebur.

Marigayin ya rasu ya bar igiyarsa, wadda suka yi zaman aure na tsawon rayuwarsa ba tare da an ji kansu ba, yanzu tana rataye a ƙusa. Ya bar jakar fata da aka ɗinka don shi, wadda ba ta shiga kowa. Ya bar 'ya'ya a aljihun masu saka kiɗa daga nan har Tilimsan, ƙananan filas-filas da na riƙa zuba wa abokai in sun roƙa, duka matsattsu, don haka suke so. Ya bar jikoki da tattaɓa-kunne a wayoyin direbobin tasi da masu aski, waɗanda ba zai gane su ba ko da ya gamu da su. Ya kuma bar babban ɗansa, magajin da na dogara da shi, wanda dole in yi bayaninsa a nan.

Na san faifai yana mutuwa, ba yau na fara sana'a ba. Saboda haka bara na sayi wani sabo, na haɗa su biyu na ba Kaddur, don surukinsa yana da shagon kwamfuta, na ce a kwafe mini komai. Ya dawo mini da su, na duba sunaye na ga sun cika, na ajiye sabon a aljihun tebur na kulle. Ranar Litinin, da na dawo daga wajen Si Tayib, na ciro shi na jona. A sama na tarar da wani kundi da ban sani ba, cike da finafinan Masar da wasannin ƙwallo. Na saka waƙa guda a manyan sifikoki. Tun bugun gangar farko na san abin da aka yi. Na kira Kaddur, ya shigo yana gyara kwalar rigarsa.

“Mai baki, me surukinka ya yi wa waƙoƙina?”

“Ya kwafe su mana. Akwai wadda ta ɓace?”

“Ya matse su.”

“To ai don ya samar maka wuri ne. Ya ce mutumin da ke aiki kullum ba hutu ya kamata ya sami abin kallo. Kyauta ya zuba maka finafinan nan, ko sisi bai karɓa ba. Ya ce ya saurara da kunnensa, duk ɗaya ne.”

“A me ya saurara?”

“A wayarsa.”

Ban zage shi ba. Na nemo sautin zabiyar Galizan na saka, muka tsaya mu biyu a tsakiyar filin rawa. Aka zo wurin. Ganga tana nan, tafi yana nan, a ƙarƙashinsu kuma wani gurgur kamar ruwa na wucewa a bututu. Kaddur, wanda bakinsa ke ciyar da shi, ya zauna a kan kujera ya rasa abin faɗa. Da ya samu, sai ya ce, “Wallahi alheri ya yi niyya.” Na ce na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu wanda zan tsana.

A ranar na yi aiki kamar kullum, da matsattsun waƙoƙin magaji daga farko har ƙarshe. Fili ya cika, an yi rawa, an sayi waƙoƙi, Kaddur ya yi shela. Babu wanda ya ɗaga kai. Da za a tashi Si Buziyan ya dafa kafaɗata ya ce sauti ya yi daɗi yau. Shekarun da na yi ina wa'azi, ashe da ni da Sabulu da wata tsohuwa ne kawai muke ji.

Ranar Laraba Kaddur ya zo da dabara. Ya same ni ina zaune a gaban tebur ban kunna komai ba.

“Limam, saurara. Muryarka da ta Milud ai ɗaya ce, ko a waya uwarku ba ta bambance ku. Rataya makirfo a inda ka rataye shi, ka zauna a teburin baya ka faɗi maganar. Sai ka tura ta ƙarƙashin ganga. Wa zai sani?”

“Ita.”

“Hajja ta tsufa, ɗan'uwa. So kake ka kashe ta saboda gaskiyar sauti? Ajiye wa'azin nan na yini ɗaya.”

Na yarda, don ba ni da abin da ya fi. Na hau tsani na rataya makirfo. Lahdar ya tsaya a ƙofar kicin inda ya tsaya a wancan lokacin. Na zauna a kujerar Milud, Kaddur ya ɗaga mini hannu. Na buɗe baki, sai na tsaya. Na kasa tuna ko dariyar ce ta fara zuwa ko maganar. Na tambayi Lahdar, ya ce dariyar. Kaddur ya ce a'a, maganar ce, dariyar a ƙarshe take. Lahdar ya ce ba “ɗanye” ya ce ba ma, “da rai” ya ce. Kowace Alhamis muke jin abin nan, mu uku, kuma kwana biyu kacal da rasuwar Sabulu mun riga mun fara matse shi da kanmu. Na sauko da makirfon na naɗe igiyarsa.

Tun Litinin nake cin abinci a kwano ɗaya da Umma, ban iya gaya mata ba. Jiya Alhamis ta zo a kan lokacinta. Lahdar ya lulluɓe kwalabe, ya ce, “Sannu da zuwa, Hajja.” Ta ce, “Yawwa, ɗana. Ya ƙafar matarka?” Ya ce da sauƙi. Ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Na saka mata ta magaji, ina gaya wa kaina cewa wataƙila kunnen uwa yana kamo abin da nawa ba ya kamowa.

Aka zo wurin, ta karkata kai. Aka wuce. Ba ta ce kashe ba.

“Mayar baya,” in ji ta.

Na mayar.

“Ƙara murya.”

Na ƙara. Kofuna suka fara rawa a kan kanta.

“Ƙara.”

Na ƙara har fitilun teburina suka koma ja, kwalabe suna karo da juna a ƙarƙashin zane. Si Buziyan ya leƙo da sigari a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ganga ta cika gidan, gurgur ɗin ma ya ƙara girma, amma bai zama kowa ba. Na kashe da kaina.

“Jilali.”

“Na'am, Umma.”

“Zo nan.”

Na sauko na durƙusa kusa da kujerarta. Na ce mata faifan ya mutu tun Litinin, wannan kwafi ne.

“Ai waƙar tana nan,” ta ce. “Na ji matar, na ji mai ganga, har wancan mai fiton na ji.”

“An matse ta, Umma. In an matse, na'ura tana zubar da sautin da ta ga kunne ba zai yi kewarsa ba.”

Ta dube ni ta tsagar mayafinta.

“Kunnen wa suka tambaya?”

Ta tambaye ni ko yana cikin wayar wani, na ce babu. Ko wajen zabiyar, na ce ita ma matsattse ta ce in tura mata, don ta saka a mota. Ko akwai wani mai gyara a nan ƙasarmu Aljaza'ir ko a ƙetare, na ce an duba. Tana tambaya ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai duba aljihunan riga kafin wanki. Da ta gama sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta shi. Na ciro Sabulu daga jakarsa na ɗora mata a tafi. Ta juya shi, ta shafa inda Si Tayib ya ɓalle murfin, ta ce ba ta zaci haka yake da rashin nauyi ba. Ta ciro farin hankici daga ƙirjinta ta naɗe shi, ta ƙulle bakin.

Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“In ka koma gida, ka biya wajen Zulaiha maƙwabciya, ka ce ta ara mana manyan tukwanenta.”

“Na me, Umma?”

“Na kuskus. Mutane za su zo.”

Ta miƙe. Si Buziyan ya jefar da sigarinsa ya buɗe mata babbar ƙofa ta gaba, wadda ba ta taɓa bi ba, ya ce direbansa zai kai ta. Ta ce a'a, ta san hanyar motarta. Na bi ta a baya har tasha. Ina son in ce na yi kuka a hanyar dawowa, amma ban yi ba. Na koma na gwada sifikoki don in ga ko na ƙona wata, na tarar duk lafiyarsu ƙalau.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, don ruwa bai taɓa karɓarsa ba, kuma an riga an yi masa sutura. Yau Juma'a da hantsi, lokacin da mata ke ziyarar maƙabarta, ni da Umma za mu kai shi wajen kabarin mahaifinmu, mu tona ɗan rami a wajen ƙafafu mu sa shi. Na yi magana da mai gadi, ya ce shi a lokacin zai je shan gahawa. Umma ta ce tana son wurin da za ta riƙa zuwa ba tare da ta bi ta ƙofar kicin ba. Ba a bukatar rakiya. Abokan sana'a da ke son yin wani abu don tunawa da shi, su daina saka waƙar waya a manyan sifikoki, ko da na mako ɗaya ne. Na san ba za su daina ba.

Bayan sallar Juma'a za a kafa rumfa a ƙofar gidanmu da ke unguwar Hamri, maza a waje, mata a ciki, har kwana uku. Masu karatu za su zo bayan la'asar. Kaddur ya ɗauki nauyin kujeru, surukinsa ya aiko da rago, kuma an karɓa. Waɗanda aka mayar da sukarinsu da gahawarsu a shekarun baya, Umma tana ba su haƙuri, ta ce su dawo da su.

Zaman na Milud ne, ɗan Bin Awda da Yamina, ƙanena. Masu zuwa gaisuwa kada su ce Allah ya dawo da shi. Umma ta ce yanzu a faɗi ɗayar.